Kashi na 7: Ƙaiƙayin Ƙafa Bayan An Fito Daga Fadama



Duk wanda ya zo min da ƙaiƙayi daga Kura ko Bunkure, kafin in duba fatar sai na tambaye shi: "Wane aiki kake yi?" In ya ce shinkafa yake dasawa a Kadawa, to rabin aikina ya ƙare.

Ruwan kanal ɗin nan da ke zuwa daga dam ɗin Tiga, akwai dodon koɗi a cikinsa, su ke sako ƙwayar tsargiya. Tana huda fata ta shiga, sai ka ga ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi a ƙwauri. Ƙurajen za su baje, amma in daga baya ka ga jini a ƙarshen fitsari, ba alamar balaga ba ce wallahi. Je asibiti a gwada fitsarin. Maganinta praziquantel, ana bayarwa daidai nauyin jiki.

Tsakanin yatsu kuwa, in ya yi fari ya jiƙe yana tsagewa, wannan naman gwari ne. A nan matasa ke cutar kansu, su sayi kirim mai haɗi uku a kemis. Akwai siteroid a ciki: ƙaiƙayin ya lafa kwana biyu, cutar ta bazu, fatar ta yi siriri. Clotrimazole zalla za ka shafa, sati 4, ka riƙa tsane tsakanin yatsun sosai.

Shi ya sa nake cewa majinyata, duk abin da kuka shafa, ku zo min da kwalinsa. Ba faɗa zan yi ba, so nake in gani.