Yadda Ake Mayar da Awon Shinkafa daga Mudu zuwa Kilo

A mafi yawan kasuwanninmu da mudu da tiya ake auna shinkafa, alhali kamfanonin casa da shagunan iri kilo suka sani. Mudu fili yake aunawa, ba nauyi ba, kuma girmansa yakan bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan. Wanda bai san kilo nawa mudunsa yake ɗauka ba, yana iya yin asara wajen sayarwa, ko abinci ya gaza masa ranar taro.

Hanya mafi inganci ita ce amfani da sikeli. A cika mudu, a shafe bakinsa, a juye cikin buhu, a maimaita har sau goma. Sai a ɗora a sikeli, a cire nauyin buhun, a raba abin da ya rage gida goma. Wannan shi ne nauyin mudu ɗaya. Dalilin maimaitawa shi ne hannu ba ya cika mudu daidai kowane lokaci. Idan a kasuwarku da tozo ake awo, to a yi gwajin da tozo.

Inda babu sikeli, a auna ruwan da mudun yake ci da gorar lita ɗaya. Lita ɗaya ta tsabar shinkafa takan kai kimanin giram 800, ta shanshera kuwa ba ta cika wuce giram 600 ba, saboda ɓuntu ba shi da nauyi kuma yana cin wuri. Ke nan mudu mai cin lita 2 zai ɗauki tsaba kilo 1.6, shanshera kuma kusan kilo 1.2. Da irin wannan mudu, buhu mai kilo 50 na tsaba zai ba da mudu 31 da ɗan ɗori. Wannan ƙiyasi ne kawai, domin gajeriyar ƙwaya da karyayya sun fi doguwa, irin ta FARO 44, zama a cikin mudu.

Wajen girki, musamman a makarantun kwana da gidajen biki, a yi lissafi da ɗanyar shinkafa. Idan an ware wa kowane mutum giram 100, mutum 100 za su buƙaci kilo 10, wato mudu 6 da kwata. Shinkafa tana shan ruwa, nauyinta yakan ninka sau biyu da rabi zuwa uku bayan ta dahu, don haka kilo 10 zai koma kilo 25 zuwa 30 a tukunya.

Abin da ya kamata malaman gona su fi jaddadawa shi ne danshi, domin a nan ne aka fi samun saɓani tsakanin manomi da mai saye. Shanshera kilo 100 da aka girbe da danshi kashi 20 cikin ɗari za ta koma kilo 93 idan ta bushe zuwa kashi 14, wanda shi ne ya dace da ajiya da casa. Ba wanda ya saci kilo bakwai ɗin nan, ruwa ne ya fita. Saboda haka a shanya shinkafa sosai kafin a auna, kuma a sake gwada mudu duk lokacin da aka canja iri.