Kuɗin Taimako Domin Kayan Aikin Malaman Makaranta

Kowane mai sana'a da kayan aikinsa. Maƙeri ba ya ƙira sai da zugazugi da masaba, haka kuma malami ba ya iya koyar da yara sosai sai da allo da alli da littattafai da bencin da yara za su zauna. Saboda haka ne a ka keɓe kuɗi musamman domin sayen waɗannan kaya. Ya kamata malamai da iyayen yara su san inda kuɗin ke fitowa, da hanyar da su ke bi kafin su iso cikin aji.

Asalin Kuɗin

A shekarar 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ba da ilmin farko ga kowa da kowa a Sakkwato. A 2004 kuma a ka kafa doka wadda ta ce kowane yaro a Nijeriya zai sami ilmi na shekara 9 kyauta, kuma tilas, watau shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Cikin abubuwan da dokar ta ce a bayar kyauta har da littattafai da kayan koyarwa da kujeru.

Dokar ta kafa hukuma a Abuja wadda a ke kira UBEC, ta kuma umarci Gwamnatin Tarayya ta riƙa ware abin da bai kasa kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigarta ba domin wannan aiki. Kowace Jiha ta na da tata hukumar, watau SUBEB, kowace Ƙaramar Hukuma kuma ta na da ofishin ilmi a ƙarƙashin Sakataren Ilmi.

Yadda A Ke Raba Su

Bisa tsarin da UBEC ta daɗe ta na bi, rabin kuɗin a kan raba wa Jihohi ne domin gine-gine da gyaran azuzuwa da sayen tebura da bencina. Kashi 15 cikin 100 a kan sayi littattafai da kayan koyarwa da su, kashi 10 kuma domin ƙaro wa malamai ilmi. Sauran su kan tafi ga yankunan da a ka bari a baya, da yara masu naƙasa, da aikin duba makarantu.

Amma akwai sharaɗi a kan rabin nan na farko. Ba a sakar wa Jiha rabonta sai ta ajiye nata kuɗin daidai da wanda za a ba ta. In ta kawo naira ɗaya, a ƙara mata ɗaya, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Jihar da ba ta ajiye nata ba, rabonta ya na nan kwance a banki. An sha ganin biliyoyin naira sun shekara a ajiye saboda wannan dalili, alhali kuwa yara na zaune a ƙasa, biyar ko shida su na leƙen littafi guda.

Taimako Daga Waje

Ban da wannan, akwai taimakon da ke zuwa daga ƙasashen waje. A 2015 a ka soma wani shiri mai suna NIPEP da dala miliyan 100, a Jihohin Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato, inda a ka riƙa zuba kuɗi kai tsaye cikin asusun makarantu domin su sayi abin da su ke bukata. A 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin shirin AGILE na ilmin 'yan mata, wanda ya haɗa da gyaran makarantun sakandare da koyar da aiki da kwamfuta.

Aikin Malami Da Kwamiti

Ba a kan miƙa wa malami waɗannan kuɗi a hannunsa ba. Hanyarsu ita ce ta kwamitin kula da makaranta, wanda ya ƙunshi hedimasta da wakilan malamai da na iyaye da na mata da shugabannin gari. Malamin kowane aji zai rubuta yawan yaransa, da yawan littattafai da bencinan da ya ke da su, da abin da ya rasa. Hedimasta ya tattara, kwamiti ya zauna ya zaɓi abin da ya fi gaggawa, sa'an nan a aika wa Sakataren Ilmi, shi kuma ya kai gaba. Makarantar da ba ta rubuta bukatarta ba, da wuya a san da ita lokacin rabo.

Game da na'urori kuwa, sai a yi hattara. Kwamfuta aba ce mai amfani ƙwarai, amma ba ta aiki sai da wutar lantarki ko ta hasken rana, da ɗaki mai ƙofa da kwaɗo, da malamin da ya iya ta. Makarantar da rufinta ke yoyo, littattafanta kuma ba su isa ba, gara ta fara da waɗannan tukuna.

Riƙon Amana

Idan kaya sun iso, wajibi ne a ƙirga su a gaban kwamiti, a shigar da su cikin littafin sito, a buga wa kowane littafi hatimin makaranta. Duk abin da a ka saya, a karɓi rasit a adana. Littattafan Gwamnati ba na sayarwa ba ne, wanda ya gan su a kasuwa sai ya sanar da Sakataren Ilmi. Haka kuma ba daidai ba ne a kulle su cikin kabad don tsoron kada su tsufa har gara ta cinye su, domin an saye su ne don yara su karanta.

Kuɗin nan na jama'a ne. Kowane uba da kowace uwa su na da ikon su tambayi hedimasta abin da makarantarsu ta samu a bana, su kuma tambayi wakilinsu a Majalisar Jiha ko Jiharsu ta ajiye nata rabon.