Ba da Shaidar Bangaskiyar Kirista a Wurin Aiki da Zaman Yau da Kullum

A koyarwar Kirista, wa'azi aikin fasto ne da mai bishara, amma ba da shaida nauyi ne a kan kowane mai bi, tela ne ko ma'aikaciyar jinya, direba ko malamin makaranta. Tushen wannan shi ne umarnin da Yesu ya bar wa almajiransa a ƙarshen Linjilar Matiyu, cewa su kai saƙonsa ga dukan al'ummai. Manzo Bulus kansa da sana'a ya haɗa aikin: a Koranti ya zauna wurin Akila da matarsa suna ɗinkin tanti tare, ran Asabar kuma ya shiga majami'a ya yi muhawara.

A arewacin Nijeriya tarihi ya ƙara wa wannan hanya ƙarfi. Turawan mulki sun taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, saboda haka yawancin aikin ya bi ta asibiti da makaranta da bakin talakawan masu bi. Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya zauna a Zariya tun 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Da wannan littafin Hausa ta zama harshen sujada a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, har ga waɗanda ba ita suka sha a nono ba. Sai kuma shirin bishara na Sabon Rai don Kowa, wanda ya taso daga Jos a shekarun 1960, ya kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a, ya cusa wa manoma da 'yan kasuwa cewa bishara ba ta jiran fasto.

A wurin aiki, hali ne ke riga baki magana. Mai awo da ke cika mudu ba ta danna gindinsa ba, akawun da ya ƙi ƙara sifili a rasit ko da oga ya ƙyafta masa ido, nas ɗin da ta juya tsoho a gado da ƙarfe uku na dare ba tare da tsaki ba, irin waɗannan ne ke sa abokin aiki wata rana ya ce, "Wai ke me ya sa ba kya yi kamar kowa?" Malaman ikkilisiya na ganin nan ne ƙofa ke buɗewa, suna kafa hujja da wasiƙar Bitrus ta fari, wadda ta ce mai bi ya kasance a shirye da amsa in an tambaye shi, amma cikin tawali'u da ladabi. Wanda ke zuwa ofis ƙarfe goma da Littafi a hammata, ya bar fayil na ƙura, ya riga ya rushe wa'azinsa tun bai buɗe baki ba.

Akwai iyakoki. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin bin addininsa da yaɗa shi, sai dai lokacin aiki na mai biyan albashi ne, shi ya sa taron addu'ar ma'aikata yakan kasance kafin a buɗe ofis ko lokacin hutu. Iyaka mafi nauyi ita ce ta iko. Shugaban da ya gayyaci na ƙasa da shi coci, ko likitan da ya tsare majinyaci da wa'azi a kan gado, ya sa mutum a inda ba zai iya cewa a'a ba, kuma amincewar da aka samu ta haka ba ta da daraja ko a ma'aunin ikkilisiyar kanta. Haka ma cika zauren WhatsApp na ma'aikata da ayoyi kowace safiya. Gundura yake jawowa.

A Kano ko Gusau ko Maraɗi, abokin aikin galibi Musulmi ne da ya san addininsa. Kalmomi da yawa ɗaya ne a bakin su biyun, Allah, addu'a, zunubi, aljanna, amma sun rabu a kan ko wane ne Yesu da batun gicciye, kuma ɓoye wannan bambancin ba gaskiya ba ne. Abin da masu gogewa ke kiyayewa shi ne su faɗi nasu ba tare da taɓa abin da ɗan'uwansu ke girmamawa ba, domin zargin ɓatanci ya sha jawo asarar rayuka a yankin. Zumunci ne ke ɗaukar sauran: zuwa suna da ta'aziyya, karɓar naman Sallah, aika shinkafar Kirsimeti.

Idan mutum ya nuna sha'awa, akan ba shi Linjila ya karanta da kansa, ko a haɗa shi da fasto. Idan ya ce ya gode, ba ya so, akan bar maganar, a ci gaba da gaisawa da aiki tare yadda aka saba.