MAGANIN WARIN BODARI A JIKIN KARE

Jama'ar zango, dattawa da 'yan kasuwa, duk wanda ya shekara a Amurka ya taɓa jin wani irin wari da dare, kamar an haɗa ƙonanniyar taya da ruɓaɓɓen ƙwai da tafarnuwa. Baƙo ya kan zaci bututun gas ne ya fashe. Sau da yawa kuwa bodari ne ya gifta. Yanzu waɗansu mutanenmu sun bar gidajen bene sun koma gidaje masu fili a bayan gari. Waɗansu sun ajiye kare domin gadin gida ko sito, waɗansu kuma 'ya'yansu da aka haifa nan ne suka matsa sai da aka kawo shi. Saboda haka batun ya shafe mu, domin ran da bodari ya fesa wa karenka ruwansa, in ba ka san abin yi ba, gidanka da tufafinka da hajarka duk za su sha tare da shi.

WANE NE BODARIN AMURKA?

Mutanen nan suna ce masa sikank. Girmansa kamar na kyanwa, baƙi ne, da farin zane biyu a gadon baya da wutsiya buzu-buzu. Ya yi kama da bodarin da tsofaffinmu suka sani a dajin gida, amma masana sun ce ba danginsu ɗaya ba. Akwai shi daga Kanada har Meziko, har cikin birnin New York ma a kan gan shi a manyan lambunan Bronx. Da dare ya ke yawo, yana cin ƙwari da ɓeraye da ƙwai da abin da ya samu a kwandon shara. Ya kan yi gida ƙarƙashin rumfa ko ɗakin ajiya. An fi cin karo da shi cikin Fabrairu da Maris, loton barbara, da kuma ƙarshen zafi sa'ad da 'ya'yan suka fara yawo.

Ba shi da son faɗa. In ya tsorata sai ya buga ƙafa a ƙasa, ya ɗaga wutsiya, ya juyo da bayansa. Mutum mai hankali ya kan ja da baya, amma kare bai san gargaɗi ba, sai ya kai hanci. Nan take bodari zai feso wani mai rawaya daga ƙarƙashin wutsiyarsa, ya kan kuwa sami abin da ya auna daga nisan ƙafa 10.

ME YA SA WANKA BA YA FID DA SHI?

Dalili biyu ne. Na fari, abin mai ne, yana kama gashi, ruwa kuwa ba ya wanke mai. Na biyu, a cikin man akwai sinadarai masu farar wuta da a ke kira tayol, su ne masu warin. Danginsu ne a ke zubawa cikin gas na girki domin a ji in ya tsiyaya, shi ya sa warin biyu suka yi kama. Don haka in wari ya cika gida, ba a ga alamar bodari ba, a fita waje a kira kamfanin gas, kada a tsaya gardama.

Har wa yau akwai waɗansu sinadaran a cikin man da ba su da wari ƙwarai, amma da sun gamu da ruwa sai su riƙa juyewa suna zama tayol. Wannan ne ya sa karen da aka yi wa wanka da sabulu kawai, ran da ruwan sama ya buge shi bayan mako biyu, sai warin ya dawo.

Maƙwabci ya yiwu ya ce maka ruwan tumatir ne magani. Tsohon zance ne a ƙasar nan, amma ba shi da tushe. Abin da ke faruwa, hancin mai wankin ne ya ke gajiya da warin, sai ya koma jin tumatir kaɗai. Wanda ya shigo daga waje zai gaya masa gaskiya. Haka kuma turaren wuta da na fesawa, ko da na Makka ne, rufe wari su ke yi na ɗan lokaci. Warin bodari ba a rufe shi, kashe shi a ke yi.

HAƊIN DA KE KASHE SHI

Wani masanin sinadarai na Jihar Illinois mai suna Paul Krebaum shi ya fito da haɗin, aka buga shi cikin 1993 a mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka. Kayan uku ne, duk ana samunsu a kantin magani ko na abinci da kuɗi kaɗan:

1. Haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, watau ruwan wanke ciwon nan na kwalba mai ruwan ƙasa. Oza 32, kusan lita ɗaya. A sami sabuwar kwalba, domin wadda aka daɗe da buɗewa ta salance.
2. Bekin soda, rubu'in kofi, watau babban cokali 4. Kada a sa kanwa a madadinta.
3. Ruwan sabulun wanke kwanuka, cokalin shayi 1.

Sabulun shi ke narka man. Feroksaid da soda kuwa su ke sakin iskar oksijin, ita ce ke kama tayol ta mai da shi wani abu dabam marar wari.

GA YADDA A KE YI

Abu na farko, kada karen ya shiga gida, ko mota, ko shago. Zai ruga ya goga jikinsa a darduma da kujera, in kuwa sito ne, a buhunan shinkafa da bandiran atamfa. Abin da za a gama cikin rabin sa'a sai ya zama hasarar kaya. A ɗaure shi a waje. In lokacin ƙanƙara ne, a kai shi gareji a bar taga buɗe.

Mai wankin ya sa tsofaffin tufafi da safar hannu ta roba. Ya duba idon karen tukuna. In ya yi ja yana hawaye, a zuba masa ruwa mai tsabta a hankali. Sa'an nan a sa tsumma ko takarda a dangwale man da ke bisa gashi, kada a goga, kada kuma a jiƙa karen tukuna.

A haɗa kayan cikin buɗaɗɗen bokiti, a yi aiki da su nan da nan tun suna kumfa. A cuɗa har ya kai fata, musamman wuya da ƙirji. Fuska kuwa da tsumma za a shafa, a kiyaye ido da kunne da baki, kada a bari ya lasa, domin feroksaid na sa amai. A bar shi minti 5, a ɗauraye da ruwan ɗumi mai yawa. In da sauran wari a haɗa sabo a sake. Daga nan a yi masa wanka da sabulun karnuka, a tsane shi sarai. Baƙin kare ya yiwu gashinsa ya ɗan koɗe, amma sabon gashi zai fito kamar dā.

Gargaɗi babba: kada a zuba sauran haɗin a kwalba a toshe domin gobe. Iskar da ya ke fitarwa za ta fasa kwalbar. Shi ya sa ba a sayar da shi haɗaɗɗe. Abin da ya rage a ƙara masa ruwa a zubar.

Tufafin da suka ɗauki wari a wanke su dabam da sabulu da rabin kofin soda, a shanya a iska. Kada a sa su injin busarwa sai warin ya fita, kada kuma feroksaid ya taɓa shadda ko rini, zai ci launi.

ABIN DA YA FI WARI HATSARI

To, jama'a, wari ba ya kisa, amma cizo yana yi. A Amurka bodari yana cikin namun dajin da suka fi ɗaukar ciwon haukan kare, tare da jemage da yanyawa. Ba ta ruwan feshin a ke kamuwa ba, ta cizo ne da miyau. Saboda haka mai wankin ya duba jikin karen da kyau, hanci da leɓe da ƙafafu. In ya ga rauni komai ƙanƙantarsa, likitan dabbobi za a nufa a ranar, ko da karen ya taɓa samun allura. Dokar Jihar New York ta wajabta yi wa kare allurar wannan ciwo. Karen da ba shi da ita, in dabba mai ciwon ta cije shi, hukuma na iya sa a tsare shi watanni ko a kashe shi.

In mutum aka ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi asibiti nan take. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gobe, domin da alamun ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. A gargaɗi yara kada su kusanci bodarin da ke tangaɗi, ko wanda ba ya gudun mutane. Mazauna birnin New York su kira 311.

Haka kuma karen da aka fesa a baki ko fuska a sa masa ido kwana biyu zuwa uku. In ya yi laushi, ko dasashinsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi duhu, a kai shi likita, domin jefi-jefi man ya kan ɓata jinin kare.

Rigakafi dai ya fi magani. A rufe kwandon shara, kada a bar abincin kare a waje da dare, a toshe ramukan ƙarƙashin rumfa bayan an tabbata ba kowa ciki. Kafin a saki kare da dare a kunna fitila, a yi motsi, bodari zai kama gabansa. Duk mai kare ya ajiye kwalbar feroksaid da ba a buɗe ba da kwalin soda, kowanne dabam, ya kuma duba takardar allurar karensa tun yau. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki hakkinta, da na maƙwabtan da za su sha warin tare da shi.

Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu, amin.