Muryoyin da suka karanta ‘The Hobbit’: abin da ya bambanta su

Tun kafin a buga ‘The Hobbit’ a birnin Landan ranar 21 ga Satumba, 1937, marubucinsa J.R.R. Tolkien, malami a Jami’ar Oxford, yana karanta wa ’ya’yansa labarin a gida. Ke nan a kunne ya fara rayuwa kafin ya hau takarda.

Labarin Bilbo Baggins ne, wata ƙaramar halitta mai kama da mutum, wanda matsafi Gandalf ya haɗa da wadanni 13 domin ƙwato dukiyarsu daga Smaug, wani ƙaton dodo mai aman wuta. A yau ana samun littafin da muryoyi daban-daban, sai dai ba duka ne ke ba yaro labarin yadda aka rubuta shi ba.

Muryar marubucin

A 1952 Tolkien ya ziyarci abokinsa George Sayer a garin Malvern na Ingila, inda ya karanta wasu sassan ayyukansa a gaban rikoda. Daga ciki akwai babin da Bilbo ya yi wasan kacici-kacici da Gollum a cikin kogo, bisa sharaɗin in ya faɗi a cinye shi. Kamfanin Caedmon ya fitar da faifan a 1975, shekara biyu bayan mutuwar marubucin. Guntu ne kawai daga littafin, amma shi ke nuna yadda Tolkien da kansa ya ji muryar Gollum.

Wasan kwaikwayo da taƙaitaccen karatu

A 1968 gidan rediyon BBC ya mayar da littafin wasan kwaikwayo mai kashi takwas, Paul Daneman ya fito a matsayin Bilbo. Irin wannan yana da kiɗa da ƙarar abubuwa da ’yan wasa da yawa, don haka yana saurin kama hankalin yaro. Illarsa ita ce an sake tsara kalmomin marubucin domin su dace da rediyo.

Nicol Williamson ya karanta littafin a faifai a 1974, Martin Shaw kuma a 1993, amma dukansu biyu taƙaitattu ne. Abin da almakashi ya fi ci a irin wannan aiki shi ne waƙoƙi, da siffanta wurare, da barkwancin da mai ba da labari ke yi kai tsaye da mai sauraro. Waɗannan kuwa su ne gishirin littafin.

Cikakken karatu

Rob Inglis ya karanta babi 19 ɗin gaba ɗaya a 1991, cikin natsuwa irin ta kaka mai ba da tatsuniya, yana kuma rera waƙoƙin da ke ciki.

Ranar 8 ga Mayu, 2020, lokacin kullen korona, Andy Serkis, wanda ya fito a matsayin Gollum a finafinan Peter Jackson, ya karanta littafin daga farko har ƙarshe kai tsaye ta intanet domin tara wa ƙungiyoyin agaji kuɗi. A watan Satumba na shekarar HarperCollins ya fitar da karatun da ya naɗa a ɗakin ɗaukar sauti, wanda ya haura sa’o’i 10. Serkis yakan ba kowa muryarsa, ya yi raɗa, ya yi tsawa, har wasu wuraren na iya tsorata ƙaramin yaro.

Abin lura ga iyaye da malamai

Wanda zai sa ɗalibi ya riƙa bin rubutu da ido yana saurare, domin gyara lafazinsa na Turanci, cikakken karatu yake buƙata, wato na Inglis ko na Serkis. Da taƙaitacce, muryar za ta tsallake shafi, yaron ya ɓata.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Tolkien ya mutu a 1973, dokar Birtaniya kuwa tana kare aikin marubuci shekara 70 bayan mutuwarsa, wato har ƙarshen 2043. Saboda haka kyautar da ake cin karo da ita a intanet ba lallai ta zama da izini ba, kuma tana iya zuwa a guntule. Kafin a saya, a duba sunan mai karatun da tsawon lokacin, a kuma sa yaron ya ji mintunan gwaji, domin shi ne zai zauna da muryar har ƙarshen tafiyar Bilbo.