Yaushe ya kamata a taimaka wa ɗan tsakon salwa ya fito daga ƙwai?

Salwar da ake kiwo a keji ba ta cika kwanciya a kan ƙwanta ba. Kusan kullum takan yi ƙwai, ta tsallake shi ta kama gabanta. Shi ya sa mai son garkensa ya ƙaru yake komawa ga na'urar ƙyanƙyasa, irin ƙananan da yanzu ake ajiyewa a lungun ɗaki.

Wannan nau'i, wato salwar Japan, ya shigo Najeriya ne a 1992 ta hannun Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Ƙwanta kan ƙyanƙyashe cikin kwana 17 zuwa 18, saɓanin na kaza mai ɗaukar kwana 21. Ana riƙe zafin na'urar a digiri 37.5 na ma'aunin Salshiyas, ana juya ƙwan aƙalla sau uku a rana har kwana 14. Daga nan sai a daina juyawa, a ƙara ruwa domin danshi ya kai kashi 65 zuwa 70 cikin 100, a rufe murfi.

A wannan gaɓar ce sabon mai kiwo ya fi jawo wa kansa asara. Da zarar ya ga ƙwai ya tsage, ya ji kukan ɗan tsako a ciki, sai tausayi ya sa ya kai hannu ya ɓare.

Alhali ɗan tsakon bai maƙale ba. Bayan ya huda ɓawon da baki, yakan huta na awanni, wani lokaci har yini guda. A lokacin ne yake koyon shaƙar iska, cikinsa yana zuƙe ragowar gwaiduwa, jijiyoyin jinin da ke jikin tantanin ƙwan kuma suna bushewa. Idan aka ɓare kafin a kammala wannan, jini zai tsinke, ko ya fito cibiya a buɗe da gwaiduwa a waje. Ɗan tsuntsun da bai kai giram 10 ba, ɗigon jini kaɗan ya isa ya kashe shi.

Buɗe murfin kansa ma yana da illa, musamman lokacin hunturu. Busasshiyar iska na shiga, sai tantanin sauran ƙwan da suka tsage ya bushe, ya naɗe 'yan tsakin kamar leda. Garin ceton ɗaya sai a rasa da yawa.

To yaushe za a sa hannu? Idan awa 24 ta wuce da hudawa babu ci gaba, ko ya fara zagaye ɓawon ya tsaya cak na awanni, tantanin ya koma ruwan ƙasa ya manne masa, kukansa kuma yana raguwa. Sai a wanke hannu, a ciro ƙwan da sauri a rufe na'urar. A riƙa cire ɓawon kaɗan-kaɗan daga inda ya huda, ta ɓangaren da ya fi faɗi, ana jiƙa tantanin da auduga da ruwan ɗumi, ba tare da ruwa ya shiga hancinsa ba. Ganin jini ko jajayen jijiyoyi na nufin a dakata, a mayar da shi na wasu awanni. Ko an buɗe saman, ba a jawo shi. Shi zai tura kansa waje.

Ba duk wanda aka taimaka ne yake rayuwa ba. Wasu tun farko raunana ne, sau da yawa saboda ɗaukewar wuta ko ƙwan da ya daɗe a ajiye fiye da mako guda. Batiri ko sola ya fi kowace dabarar ɓarewa amfani.

Waɗanda suka fito a bar su a ciki har gashinsu ya bushe, sannan a mayar da su akwati mai zafin kusan digiri 35. A shimfiɗa musu tawul maimakon jarida, don santsi na sa ƙafafunsu su buɗe. Mazubin ruwa kuma a zuba masa tsakuwa, saboda ruwan da bai wuce murfin kwalba ba yana iya nutsar da su.