Sunan Uba da Sunan Uwa a Ƙasashen Sifaniyanci

Duk mai fassara takardun haihuwa, na aure ko na gado daga Sifaniyanci ya san cewa layin suna ya fi ko'ina cin lokaci. A Sifaniya da yawancin ƙasashen Latin Amurka, kowa na da sunan yanka, sai kuma sunayen zuriya guda biyu: na farko daga wajen uba, na biyu daga wajen uwa. Marubucin nan na Kolombiya da ya karɓi kyautar Nobel a 1982, Gabriel García Márquez, mahaifinsa García ne, mahaifiyarsa Márquez. Wanda bai saba ba zai ɗauki na ƙarshen a matsayin sunan gida, alhali na tsakiyar ne ke bin 'ya'ya da jikoki. Idan ma'aikacin ofis a wata ƙasa ya yi wannan kuskure a fom, sai mutum ɗaya ya zama mutum biyu a takarda, kuma gyaran yakan sha wuya.

Mace ba ta ajiye sunanta don ta yi aure. Da shi ake kiranta har ta tsufa, kamar yadda aka sani a wurinmu, inda mace ke riƙe sunan mahaifinta. Saboda haka a gida ɗaya miji da nasa, mata da nata, yara kuma sun ɗebo daga kowane ɓangare. A wasu ƙasashen Latin Amurka dai akan liƙa sunan miji a baya, kamar tsohuwar shugabar Ajantina, Cristina Fernández de Kirchner, amma Fernández ɗinta na nan daram.

Sai dai sunan uwa bai da nisan zango. Idan ɗa ya haifi nasa, na farkon kawai yake miƙawa, na kaka mace ya tsaya nan. Wannan ne ya sa a 1999 Sifaniya ta ba iyaye damar sa na uwa a gaba idan sun yarda, kuma daga 2017 doka ta daina fifita na uba kai tsaye. A ganina gyara ne mai kyau, ko da yake yawancin iyaye har yanzu tsohon tsarin suke bi.

A bakin jama'a kuwa, sunan da ya fi fita daban shi ke tashe. García, Rodríguez da Fernández sun yi yawa har ba sa bambanta kowa, don haka tsohon firaministan Sifaniya José Luis Rodríguez Zapatero kowa Zapatero yake ce masa. Mai zanen nan Pablo Ruiz Picasso ma da sunan mahaifiyarsa duniya ta san shi. Masu kallon ƙwallo kuma su lura, Lamine Yamal duka biyun sunan yanka ne. Sunayen zuriyarsa su ne Nasraoui na mahaifinsa ɗan Maroko, da Ebana na mahaifiyarsa 'yar Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Kamaru, inda Sifaniyanci ke cikin harsunan hukuma. Baƙon da ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Sifaniya ma sai an rubuta masa sunayen zuriya biyu.

Sunan yanka ma da nasa tarkon. José María namiji ne, María José mace, na gaba ne ke yanke hukunci. A gida kuwa ba mai jan dogon suna: José ya koma Pepe, Francisco ya zama Paco, Ignacio Nacho, Dolores kuma Lola, yadda Abubakar ke zama Garba ko Habu. Dattijo ana girmama shi da Don, dattijuwa da Doña, a haɗa da sunan yanka, a ce Don Francisco ko Doña Carmen.

Mai fassara takardar Barazil ko Fotugal kada ya ɗauko wannan ƙa'ida, domin a can na uwa ne ke gaba, na uba a ƙarshe.